Ragon Buzun Baba

A gidanmu na Ƙofar Kibo ba a sayen buzu a kasuwa. Tun da na yi wayo, duk buzun da na ga Baba yana salla a kai, ko yana zaune a zaure yana ba dattawa karatu, fatar ragon da Inna ta kiwata da hannunta ce. Haka suka saba tun aurensu. Ita za ta zaɓi ɗan rago tun yana tsotso, ta ce, "Wannan na buzun Malam ne," ta yi ta lallaɓa shi har ya isa layya. Ran Salla Baba ya yanka, a raba nama, fatar kuwa, tun da ba a sayar da fatar layya, a shafe ta da gishiri a kai wa majemi ya jeme ta da gashinta. Ba kowace shekara ake yin haka ba. Buzu ɗaya yakan yi shekara goma sha wani abu kafin gwiwa da tafin ƙafa su cinye gashinsa.

Tumakin Inna ba irin na kowa ba ne. Asalinsu wata tunkiya ce da kakanmu ya zo da ita daga fatauci wajen Nijar, ya ba Inna lokacin da za ta tare. Tumakin unguwa gashinsu gajere ne mai kaushi, amma na Inna in ka tura yatsu cikin gashin sai ka tarar da wani a ƙasa, mai laushi kamar auduga. Abin da ya sa buzun Baba ya yi suna a unguwa ke nan. Baƙi sukan shafa shi su tambaya a ina aka sayo, shi kuwa sai ya nuna ƙofar cikin gida da baki kawai.

Ni ce ta uku a gidan, kuma ni ce mai baki. Kowa ya san wannan, ni ma ban taɓa musu ba. Aurena ya mutu na dawo gida, ina zuwa aikin buga takardu a wani ofis a unguwar Kongo, nan cikin gari, in dawo da la'asar. Sunan mahaifiyar Baba aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana, "Uwata" yake ce min tun ina rarrafe.

Rago na ƙarshe da Inna ta zaɓa an haife shi ne dab da wata Babbar Salla, fari sol, da baƙi zagaye da ido ɗaya kamar an shafa masa kwalli. A lokacin buzun Baba ya riga ya gama aiki. Tsakiyarsa ta zama fata zalla tana sheƙi, gashi sai a gefe-gefe. Bayan 'yan watanni ciwo ya kwantar da Inna. Muka shiga zaryar asibiti, tumaki kuwa sai wanda ya tuna da su ya watsa musu dusa. A cikin wannan sakacin uwar ragon ta ci leda ta mutu. Wata rana ina shafa wa Inna mai a ƙafa, ta ji kukansa daga garke, ta ce min, "Ki kula min da shi. Na riga na ba Malam. Salla mai zuwa ya isa." Na ce mata to, ina ma ɗan jin haushi a raina, mutum yana fama da kansa yana zancen rago. Ta rasu a watan azumin tsofaffi. Sauran tumakin suka shiga rabon gado suka watse gidajen 'yan'uwa, shi kaɗai ya rage a garken.

Idon Baba ya yi rauni tun kafin wannan, yana ganin haske da inuwar mutum, shi ke nan. Bayan rasuwar Inna sai ya tsiro da wata al'ada. Kullum da hantsi, kafin in fita aiki, zai dogara sanda ya zo bakin garke, in riƙe masa ragon, ya tura hannu cikin gashin tun daga geza har gadon baya. Wani lokaci ya daɗe hannunsa yana ciki, har sai na ce, "Baba, zan makara," sannan ya zare. Ban taɓa ganin ya yi kukan Inna a gaban mutane ba, amma na san abin da yake zuwa yi a bakin garken nan.

Da Ƙaramar Salla Yaya ya zo daga Kaduna da iyalinsa. Shi ne babbanmu, ma'aikacin gwamnati, mutumin kirki wallahi, sai dai tsokana a jininsa take. Ya leƙa garke ya tuntsire da dariya.

"Wannan ne ragon layyar? Haba! Ai na ɗauka ɗan akuya ne ya ɓato hanya. Ke haka kike kiwo? In an feɗe wannan ko hular Baba ba za ta fita ba, balle buzu. Bari kawai in sayo babba a kasuwa."

Baba yana zaune a inuwa ya ce, "Ku bar shi. Ya isa."

Ni kuwa ban ji wannan a matsayin magana ba. Na ɗauka haƙuri ne irin na Baba, wanda ko tuwo ba gishiri aka ba shi zai ce ya yi daɗi. Abin da na ji shi ne dariyar Yaya, da ta matarsa da ta rufe baki da gyale. Na ce masa, "Ka riƙe ragonka na kasuwa. Ka dawo Babbar Salla ka gani, in ba ka yi masa sallama ba a canza min suna." Aka yi dariya, aka wuce wurin. Kowa ya manta ban da ni.

Tsakanin Salla da Salla kwana saba'in ne. Na shiga ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayin wake, ina jiƙa masa kanwa. Yana ci, amma a idona kamar ba ya motsi. Bayan mako biyu na kai kukana wurin maƙwabciyarmu, wata Hajiya da ke turke raguna tana sayarwa duk shekara. Nata raguna kamar buhunan gero, da ƙyar suke tashi. Ta saurare ni, ta yi murmushi, ta shiga ɗaki ta fito da 'yan ƙwayoyi ƙanana a ƙullin leda.

"Ke har yanzu kiwon zamanin Inna kike yi. Wannan ita ce sha-ka-fashe. Ki daka ki zuba masa a dusa kullum. Ko wane kemis kika je za su ba ki."

Na tambaye ta ko ba ta da illa. Ta ce shekara nawa tana ba nata, ba wanda ya dawo mata da ƙorafi. Gaskiya ta faɗa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba, ita nama take sayarwa, ragunanta ba sa wuce 'yan makonni a kan ƙwayar kafin wuƙa ta hau wuyansu, kuma ba ruwan mai saye da gashi. Ni da na yi boko, nake buga takardun masu digiri, ban ko karanta takardar da ke cikin kwalin ba da na je kemis na ƙaro.

Kai, abin ya yi aiki kamar sihiri. Cikin kwana goma ragon nan ya buɗe ciki, yana cin abinci kamar ana korarsa. Bokitin ruwan da yake wuni yana sha sai ya shanye kafin azahar, garke kullum a jiƙe da fitsari, ga damina ta kankama, wari har tsakar gida. Fuskarsa ta cika, cikinsa ya yi tulu. Matan da ke shigowa gaisuwa suka fara cewa, "Tubarkalla, ashe kin gaji Inna." Ni kuwa sai in yi fari da ido in ce ai kiwo sai da haƙuri. Har hotonsa na ɗauka na tura wa Yaya a waya, na rubuta masa, "Ga ɗan akuyarka yana gaishe ka." Da na ga abin yana tafiya, sai na ƙara yawan ƙwayar da kaina, ba wanda ya ce in ƙara.

Wata safiyar Asabar, wajen mako na biyar, ina goge masa jiki da tsumma, sai na ga tsumman ya cika da gashi. Na ɗauka kaɗe gashi ne irin na damina. Na kama na gadon baya da yatsu biyu na ɗan ja, sai ya biyo hannuna dunƙule guda, da na saman da mai laushin na ƙasa, ba tare da ragon ya ko motsa ba. Wurin ya bar fata ja-ja, santsi, ba ko tsiro. Na tsaya da gashin a hannu ina kallonsa, sai na ji takun sandar Baba. Na cusa shi cikin zanina da sauri.

Daga ranar na fara abin da har yau in na tuna nake jin kunya. In Baba ya zo, sai in kama ƙahon ragon in juya shi yadda hannun Baba zai sauka a geza, inda gashi ya rage. In hannun ya fara gangarawa baya sai in ce, "Baba, yau yana da rigima," in janye shi. Kullum kafin ya fito na share garke, na tattara gashin da ya zube na tura a murhu. Gashin kuwa sai zuba yake, daga gadon baya ya sauko haƙarƙari, ya koma cinya. Wani ɗan ƙurji da ƙusa ta yi masa a kafaɗa ya ƙi warkewa, ƙudaje suka samu wurin zama. Na je wurin Hajiya a fusace, ta leƙo ta katanga ta duba, ta ce, "To, nawa ma wani lokaci suna yi. Ai nama ake ci." Na bar maganar a nan, don ba ita ta yi wa Inna alkawari ba.

Saura mako uku Salla na yanke shawara ni kaɗai. Tun da ƙwayar ce ta jawo, sai in daina, gashi ya dawo. Na kwashe sauran na watsa a masai. A ganina na yi dabara.

Kwana biyu yana nan lafiya. A rana ta uku ya ƙi dusa. A ta huɗu na dawo daga Kongo da la'asar na tarar da shi kwance, ya miƙe wuya a ƙasa, jikinsa yana karkarwa, kunnuwansa sun yi sanyi. Na ɗaga shi ya sulale. Na ce innalillahi, na fita ko takalmi ban sa daidai ba. Akwai wani likitan dabbobi ɗan unguwarmu, yana aiki wajen Samaru, a zauren Baba ya yi karatu yana yaro. Allah ya taimake ni na same shi a gida. Ya ɗauko jakarsa ya biyo ni.

Ya durƙusa ya gaida Baba, wanda ke zaune a ƙofar ɗakinsa, sannan ya shiga garke. Ya buɗe idon ragon, ya danna cikinsa, ya shafa wuraren da suka saɓule. Ya ɗago ya dube ni.

"Me kike ba shi?"

Na ce dusa da harawa.

"Ban da su."

Na san Baba yana ji, tsakaninmu da shi bai fi taku goma ba. Daga baya na faɗa da ƙaramar murya. Likita ya tambaya tun yaushe, na faɗa. Ya tambaya yaushe na ba shi ta ƙarshe, na ce kwana huɗu, na daina gaba ɗaya. Ya dafe kai.

"Bayarwar kuskure ce, amma dainawar nan lokaci guda ita ta kusa kashe shi."

Yana haɗa allura yana min bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro, kuma ban ji haushi ba don na cancanta. Ya ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da ke fitar da wani sinadari, su a makaranta homon suke ce wa irinsa, wanda jiki ke dogara da shi in an shiga wahala kamar yunwa ko ciwo ko tsoro. Ƙwayar nan kwaikwayonsa ce aka haɗa a masana'anta, sitiroyid, kuma ta fi na jiki ƙarfi nesa ba kusa ba. Magani ne na gaske in likita ya bayar don ciwon da ya dace. Amma in ana ɗura ta kullum, ƙwaƙwalwa sai ta ga abin ya yi yawa a jini, ta daina aika wa 'yan ƙullin nan saƙo, su kuma su kwanta barci. Ranar da aka yanke ƙwayar, na waje babu, na ciki bai farka ba, sai jiki ya zube.

Na ce, "To gashin fa?"

Ya ce jikin da ya cika da wannan sinadari yana ɗauka ana cikin bala'i ne, sai ya daina ciyar da duk abin da ba dole ba, gashi kuwa yana cikin na farko. Tushensa ya tsaya da aiki, silin ya sirance daga gindi, ya katse. Shi ya sa yake fita dunƙule-dunƙule. Ya ce a ƙasashen da ake kiwon tumaki don ulu an san wannan sarai. Ya danna cikin ragon da yatsa ya ƙara da cewa, "Wannan ƙibar ma da kike gani, yawancinta ruwa ne da kitsen ciki. Taɓa cinyarsa ki ji, naman raguwa ya yi."

Dole ya mayar da shi kan maganin, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har jikinsa ya farka. Na yi tambayar da nake tsoro. Ya ce in Allah ya sa ya tashi, gashin zai dawo, amma ba bana ba, sai an ba shi watanni. Maganar layya kuwa, ya waiwaya wajen Baba ya ce wannan Malam ya fi shi sani. Baba ya ce, "Dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta isar wa layya." Muryarsa daidai take da wadda yake ba da karatu da ita.

Da Likita ya tafi na je na durƙusa a gaban Baba. Bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Da ƙyar na ce, "Baba, ka yafe min. Na ɓoye maka."

Ya ce, "Idona ne ya tafi, Uwata, hannuna yana nan. Tun ran da ya fara zuba na ji."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na ɗauka ciwo ne daga Allah. Na ga kina ta juya min shi don kada raina ya ɓaci, sai na ce bari in bar ki." Ya murza kan sandarsa. "Ban san da hannu aka yi ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na shiga ɗakin Inna na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da ita.

Sallar nan Yaya ya sayo rago a kasuwa, ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho. Da ya ga namu a tsaye a kusurwa, jiki duk faci-faci, ƙafafu suna rawa, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata, ya rufe. Daga baya ya same ni a madafa ya ce, "Wasa fa nake yi miki ran nan." Na ce na sani. Ya ba da shawara a jeme fatar ragon kasuwar a yi wa Baba buzu, ko na wucin gadi ne. Baba ya ce a ba da ita sadaka. "Na Innarku yana nan. Mu jira shi baɗi, in da rai."

Muka shiga jira. Ragon ya tashi a hankali, ƙibar ƙaryar ta sace, ya koma ƙashi da fata, sannan ya fara murmurewa da dusa da harawa kawai, irin kiwon da aka ce min na zamanin Inna ne. Baba ya ci gaba da zuwa bakin garke da hantsi, ni kuma na daina juya masa shi. Yakan bi wuraren da suka saɓule da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba shuka. Wajen watan Maulidi, wata safiya, ya tsaya a gadon baya ya ce, "Uwata, zo ki ji. Ya fara tsirowa." Na sa hannu na ji wani laushi-laushi kamar kan jariri. Baba ya yi dariya har ana ganin dasashinsa. Ita ce dariyarsa ta farko da na gani tun rasuwar Inna.

Gwiwoyinsa kuwa suna shan wuya a kan tsohon buzun. In ya yi sujada zai tashi sai na ji yana nishi. Yaya ya aiko da darduma mai kauri, Baba ya ƙi hawa. Da na matsa masa da magiya, ya yarda a shimfiɗa ta a ƙasa a ɗora buzun a kai. Yakan lissafa watanni da yatsu, ya ce saura shida, saura biyar. Wani lokaci ya tambaye ni ko majemin nan yana nan da rai, in ce yana nan, ya ce madalla.

A watan Sha'aban zazzaɓi ya kama shi, na kwana biyar kacal. Ran Laraba bayan azahar, yana kishingiɗe a kan tsohon buzun, ya cika. Saura wata uku da 'yan kwanaki Babbar Salla. A lokacin gashin ragon ya riga ya rufe ko'ina, har ya fi na da yawa. Ranar sadakar uku, mata cike da gida, na zame na je bakin garke na tura hannuna cikin gashin, na tsaya a nan har aka zo nemana.

Da Salla ta zo Yaya ya yanka shi, muka roƙi Allah ya kai ladan ga su biyun. Ni na shafe fatar da gishiri, ni na kai wa majemi da kaina, wani dattijo a can cikin birni wanda shi ya jeme buzun Baba na baya. Bayan mako uku ya kawo ta har gida. Ya warware ta a zaure, fara tas, gashi yana kwance luf-luf, faɗinta ya kusa cike tsakanin ƙofa da ƙofa. Ya yi mana ta'aziyya, ya shafa ta ya ce rabon da ya jeme irinta an daɗe.

"Sai dai wannan ɗan shekara biyu ne," in ji shi. "Marigayiya ba ta taɓa kawo min babba haka ba."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Ai kullum ɗan shekara guda take kawowa, wanda ya isa layya da ƙyar. Takan ce gashinsa ya fi laushi, fatar ma ta fi naɗuwa, Malam ya saƙala a hammata ya tafi masallaci. Shi ma ba ya son buzun da zai tokare na kusa da shi a sahu." Ya dube ni. "Ba ki sani ba?"

Na shiga ɗakin Baba na ɗauko tsohon buzun daga ƙusar da yake rataye, na dawo na shimfiɗa shi a kan sabon. Tsohon buzun ya zauna a tsakiya, sabon ya zarce shi da fiye da taƙi ta kowane gefe. Shekara goma sha wani abu ina share wannan buzun, ina shanya shi, ina naɗe shi, ban taɓa lura da ƙanƙantarsa ba. Ragon da Yaya ya kira ɗan akuya, a yadda yake ranar Ƙaramar Salla, da ban taɓa shi da komai ba, fatarsa za ta kai wannan har ta ɗan fi. Baba ya faɗa a gabana, ya ce ya isa. Da na ji, da ya yi wata takwas yana salla a kan aikin hannun Inna na ƙarshe.

Majemin ya ga yanayina ya yi sallama ya tafi. Yaya ya ce in ɗauki sabon, ni na sha wahalarsa. Na naɗe shi na ɗora a kan sif ɗin Inna, yana nan har yau, nakan sauko da shi in kaɗe in mayar. A kan tsohon nake salla. Gwiwoyina suna sauka daidai inda na Baba suka cinye gashin, kuma wurin yana da tauri ƙwarai. Dardumar da ke ƙasa na cire ta na mayar wa Yaya.